Kwanon da Ya Daina Ƙetare Gada



Damina ta ɗauke, hunturu ya soma leƙowa, ƙura kuwa ta fara rufe sararin Kaduna. Duk wanda ya daɗe a birnin nan ya san ma'anar wannan, watau lokacin bukukuwa ya ƙarato. Ikilisiyoyinmu suna cikin godiyar kaka. Ba da jimawa ba za mu fita kan titi da Jikin Ubangiji ran Idin Kristi Sarki. Daga nan sai Kirsimeti da Sabuwar Shekara, da bukukuwan aure waɗanda ake jibgawa a ƙarshen shekara sai ka ce babu sauran watanni, da ranakun al'adu na ƙungiyoyin kabilu. Tashoshin mota za su cika da masu tafiya gida, waɗansu kuwa sai sun ga bikin Afan a Kagoro ran 1 ga Janairu kafin su komo. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da nasu, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Mauludi, waɗanda ke bin lissafin wata, suna matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, har wani lokaci su yi kusa da namu.

Saboda haka muka ga ya dace mu zauna tare mu yi tunani a kan bukukuwan birninmu, gama tambayoyin da kuke kawo wa Fada da katikis a kansu ba kaɗan ba ne.

Kaduna ba ta da ganuwa irin ta Kano ko ta Zariya. Ƙasar Gbagyi ce aka kafa bariki a cikinta, sa'an nan a 1917 Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan. Jirgin ƙasa ya kawo waɗansu, aikin soja ya kawo waɗansu, aikin gwamnati ya kawo waɗansu, masaƙun Kakuri kuma, tun daga 1957, suka jawo dubban samari daga kowane lungu na ƙasar nan. Kowa ya zo da kayansa a ka, da harshensa a baki, da gangarsa a hammata. Shi ya sa tun farko birnin ya zama wurin taruwa. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila babban hawa a 1956. A nan aka yi hawan dawaki na bikin FESTAC a 1977, sa'ad da sarakunan Arewa suka hallara da mahayansu. A Dandalin Murtala ɗin nan kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi Misa ran 14 ga Fabrairu 1982, ya keɓe sababbin firistoci a gaban taron da ba ya ƙidayuwa. Fili ɗaya ne ya ɗauki kofaton dawakin sarakuna, ya kuma ɗauki bagaden Ubangiji, ba wanda ya ce an ƙazantar masa da wuri.

Amma ba waɗannan manyan tarurruka ne muka fi tunawa ba. Abin da dattawanmu suka fi tunawa ƙaramin abu ne, watau kwano. A gidajen haya na Kakuri da Tudun Wada da Kawo, inda tsakar gida ɗaya take, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ran Sallah da hantsi sai ka ga yara sanye da sababbin tufafi suna shiga ɗaki ɗaki da kwanonin tuwo da waina da soyayyen nama. Ran Kirsimeti kwanonin nan su ne za su koma inda suka fito, cike da shinkafa da miya da cincin. Mai gida Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi tun da asuba ya yanka masa akuyar Kirsimeti, domin kada wani a gidan ya ce ba zai ci ba. Yaranmu sukan bi abokansu yawon Sallah su dawo da kwabbai a aljihu, waɗansu har Zariya ake kai su kallon hawan Sarkin Zazzau. Ba wanda ya sāke addini saboda kwanon tuwo. Mun san abin da muka gaskata, su ma sun san nasu, kwano kuwa yana ta kai da kawowa.

Kun san abin da ya biyo baya, ba sai mun tone miki ba. Fabrairu da Mayu na 2000, Nuwamba na 2002, Afrilu na 2011. Bayan kowane tashin hankali sai motocin kwasar kaya su bi gada, waɗansu su nufi kudu, waɗansu su nufi arewa. Yau yawancinmu muna Sabon Tasha, da Narayi, da Unguwar Romi, da Gonin Gora, yawancin Musulmi kuwa suna Rigasa, da Tudun Wada, da Kawo. Kogin da ya ba birnin sunansa ya zama iyaka. Akwai samari da 'yan mata a ƙungiyar mawaƙanmu, waɗanda aka haifa bayan 2000, da ba su taɓa ɗanɗana naman Sallah daga hannun maƙwabci ba, haka kuma a wancan ƙetare akwai tsararsu da ba su taɓa shiga gidan Kirista ran Kirsimeti ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa shi ne abin da ya ji a bakin masu fushi, ko abin da ya gani a waya. Bukukuwa ba su ragu ba, sun ma ƙaru, kiɗa ya fi na dā ƙarfi, rumfuna sun fi na dā girma. Kwanon ne kaɗai ya daina tafiya.

To, me Maganar Allah ta koya mana a kan wannan?

A littafin Nehemiya, sura 8, mutanen da suka komo daga bauta a Babila sun taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa a Urushalima, Ezra ya karanta musu Attaura tun da sassafe har tsakar rana. Birninsu bai daɗe da tashi daga kango ba, da suka ji karatun sai suka fashe da kuka. Shugabanninsu ba su bar su cikin kukan ba. Suka umarce su su tafi su ci mai daɗi, su sha mai zaƙi, gama ranar tsattsarka ce, amma suka haɗa da sharaɗi guda, cewa a aika da rabo ga waɗanda ba su da abin da suka shirya. Mu lura, mutanen da suka sha wuya ne aka ce su yi biki, biki kuwa bai cika ba sai abinci ya fita daga gida ya shiga wani gida. Ashe kwanon iyayenmu ba al'adar zaman bariki kaɗai ba ce, yana da tushe a cikin Littafi Mai Tsarki.

Ubangijinmu kansa mai zuwa idi ne. Yana ɗan shekara 12 ya hau Urushalima tare da Maryamu da Yusufu domin Idin Ƙetarewa. Alamarsa ta fari a gidan biki ya yi ta, a Kana. Bisharar Yahaya kuwa kusan dukanta a kan idodi aka jera ta: Ƙetarewa, da Bukkoki, da Idin Tsarkake Haikali. Duk mai cewa Kirista na gaske ba ya kusantar taron murna, bai karanta Bishara da kyau ba. Sai dai mu duba inda Yesu yakan sa ƙafarsa in ya shiga birni ran idi. A sura 5, Urushalima ta cika maƙil da baƙi, kowa ya nufi Haikali da hadayarsa, ana waƙa, ana ciniki. Shi kuwa sai ya ratse wajen Ƙofar Tumaki, wurin wani tafki mai shirayi biyar da ake kira Baitasda, inda makafi da guragu da shanyayyu suke kwance. (Kangon tafkin yana nan har yau kusa da majami'ar Hannatu Mai Tsarki, waɗanda suka je ziyara ƙasa mai tsarki sun gan shi.) A can ya tarar da mutumin da ya shekara 38 yana ciwo. Da ya tambaye shi ko yana so ya warke, mutumin bai yi maganar ciwonsa ba, kukan da ya kawo shi ne ba shi da kowa da zai sa shi a ruwa. A tsakiyar babban birni, ran babban idi, mutum yana kwance ba shi da kowa. Wannan ciwon birni ne, mun kuwa san shi. A ƙauye ba ya yiwuwa a yi biki a manta da tsohuwar da ke bayan rumbu, gama kowa ya san ɗakinta. A Kaduna ana iya kafa rumfa a ƙofar gidan mutum, a yi kiɗa har gari ya waye, ba wanda ya san yana ciki da zazzaɓi, bai ci kome ba tun jiya.

Yanzu bari mu amsa tambayar da aka fi yi mana: ya halatta Kirista ya ci naman Sallah? Mun ji akwai masu wa'azi da suke hanawa, har suna sa mutane zubar da abin da maƙwabci ya aiko. Koyarwar Ikilisiya Katolika ba haka take ba. Manzo Bulus ya tattauna batun nama da mutanen Koranti, a wasiƙarsa ta fari, sura 8 zuwa 10, abin da ya ja musu kunne a kai shi ne naman da aka miƙa wa gumaka, da kuma kada mai ƙarfin bangaskiya ya sa rarrauna tuntuɓe. Ragon layya kuwa ba ga gunki ake miƙa shi ba. Da sunan Allah Mahalicci ake yanka shi, domin tunawa da biyayyar Ibrahim, wanda mu ma muke karanta labarin hadayarsa a daren Ista, muke kuma ambatarsa a cikin addu'ar Misa. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta ta 28 ga Oktoba 1965 a kan sauran addinai, ta bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da daraja, domin suna yi wa Allah ɗaya sujada, suna girmama Yesu a matsayin annabi ko da yake ba su karɓe shi a matsayin Allah ba, suna kuma girmama mahaifiyarsa Budurwa. Tun daga 1967 kuma fadar Paparoma take aika wa Musulmin duniya gaisuwa kowace shekara saboda azumin Ramadan da Ƙaramar Sallah. In Roma tana aika barka da Sallah, don me za mu ji kunyar yi wa mutumin da muke ciniki tare da shi a Babbar Kasuwa?

Ba muna cewa bambanci ya ƙare ba. Mun gaskata hadaya ɗaya ce take ɗauke zunubin duniya, ita ce ta Ɗan Rago na Allah a kan gicciye, ba za mu ɓoye wannan don neman yabon kowa ba. Amma karɓar kyauta ba shaidar bangaskiya ba ce, amsa gaisuwa ce. In kuma lokacin namu ya zo, mu aika da abin da mutum zai ci da kwanciyar rai. Kada a haɗa da naman alade, kada a haɗa da giya. In ana shakkar yanka, a aika da kaza da ranta, ko mudun shinkafa da kwalbar mai. Kyautar da ta jefa mai karɓa cikin damuwa ba ta cika kyauta ba.

Mun sani akwai waɗanda wannan magana za ta yi wa nauyi, ba kuwa za mu raina nauyin ba. A cikinmu akwai gwauraye da marayun tashe-tashen nan. Akwai waɗanda suke cikin majami'ar Rita Mai Tsarki ran 28 ga Oktoba 2012, sa'ad da aka kai harin bam ana tsakiyar Misa. Ba mu ce wa kowa ya shiga inda ransa zai shiga hatsari ba, ba mu kuma ce a manta da waɗanda aka binne ba. Abin da muke cewa shi ne, kusan kowannenmu yana da mutum ɗaya a wancan ƙetare: tsohon maƙwabci, abokin aiki, mahaucin da muke sayen nama wurinsa shekara da shekaru, ko wanda ya ɓoye mu a ɗakinsa ranar da gari ya rikice. Irin waɗannan suna da yawa a kowane ɓangare, labarinsu ne ba a cika bayarwa ba. Zumunta a ƙafa take. In ƙafa ta kasa, ai akwai mai babur da zai kai saƙo.

Sai batun bukukuwan gargajiya. Waɗansu suna tambaya ko ya kamata Katolika ya je Afan, ko Tuk-Ham a Kwoi, ko bikin sabuwar doya da 'yan'uwanmu Ibo suke yi a nan cikin gari. Wannan tambaya ta girmi ƙasarmu. A shekara ta 601 Paparoma Giregori Babba ya aika wa masu bishara a Ingila da shawara cewa kada su rushe ɗakunan tsafin mutanen, a fitar da gumakan kawai a tsarkake ginin. Da yake kuma mutanen sun saba yanka shanu a bukukuwansu, sai ya ce a bar su su yi bukkoki kewaye da majami'a ran idi, su yanka su ci, suna yi wa Allah godiya. Majalisar Batikan ta Biyu ta bi wannan sawu a 1963, cewa duk abin da ke cikin al'adar mutane wanda bai ɗaure da camfi da kuskure ba, Ikilisiya tana dubansa da idon rahama, tana kiyaye shi. Taron bishof-bishof na Afirka na 1994, wanda Paparoma ya sa hannu a kan sakamakonsa a Yawunde a 1995, ya ƙara ƙarfafa wannan. Don haka ku je. Ku kai 'ya'yanku da aka haifa a birni, waɗanda harshen kakanninsu yake kuɓuce musu, su ji ƙaho da ganga, su ga rawar maharba, su gaida tsofaffi. Inda za ku tsaya shi ne inda aka koma zub da jini ga wani abin da ba Allah ba, ko rantsuwar asiri, ko tsoratar da mata da yara da sunan dodo. Wanda aka yi wa baftisma ya riga ya yi alkawari a kan waɗannan, lamirinsa kuma ba zai ruɗe shi ba.

Gaskiya dai, ba tsafi ne ya fi damunmu a bukukuwan kabilu na cikin birni ba. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda suke shigowa cikin majami'a su zama gasa. Ran godiyar kaka ana kiran kabila kabila su fito da rawa, abin sha'awa ne ƙwarai, mu ma muna jin daɗinsa. Amma mun ga inda aka koma ƙidayar wace kabila ta fi kawo kuɗi, wace ce aka kira da fari, wace ce Fada ya fi yi wa murmushi. Mun ga mutumin da kabilarsa ba ta kai mutum biyar a ikilisiya ba, yana zaune shi kaɗai a benci har aka gama, ba a kira shi ba. Kogin da ya raba gari ke nan muka haƙo ƙaraminsa a tsakiyar ɗakin Allah. Muna roƙon kwamitocin ikilisiya su gyara wannan, ko da ta hanyar haɗa ƙananan kabilu da baƙi da ɗalibai su fito tare, a kuma daina shelar jimlar kowace kabila daga bagade.

Ga kuma anko. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, gidaje da yawa ba su sāke miƙewa ba, amma yawan ankon da ake ɗora wa mace ɗaya tsakanin Nuwamba da Janairu sai ƙaruwa yake yi: na zumunta, na kabila, na unguwa, na auren 'yar wance. Hausawa suna cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, to, Kirsimeti ma ta iya wannan aiki. Janairu na zuwa da kuɗin makaranta da kuɗin haya. Mun san matan da suka daina zuwa taron zumunta, ba don bangaskiyarsu ta yi sanyi ba, sai don kunyar rashin zanen da aka fitar. Bulus ya tsauta wa Korantiyawa da zafi domin a taronsu wani yana ƙoshi har ya bugu, wani kuwa yana jin yunwa, ya ce suna kunyatar da marasa abin hannu. Shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su ji wannan da kyau: kada a hana kowa shiga layi ko rawa saboda anko. Maganar shaye-shaye da tuƙin ganganci a daren idi kuwa, kun ji ta sau da yawa, asibitocin garin nan su ne shaida.

Game da jerin gwanon Kristi Sarki. Paparoma Piyus na 11 ne ya kafa wannan idi a 1925, a zamanin da masu mulki a Turai suka fara ɗaukar kansu kamar alloli. Zagayawa da Jikin Kristi kuwa asalinsa na Idin Jiki da Jinin Ubangiji ne, wanda yakan faɗo a watan Mayu ko Yuni, amma a ƙasarmu aka mai da zagayen zuwa Nuwamba saboda ruwan sama. Ranar ce kaɗai a shekara da muke fitar da abin da ya fi kome daraja a wurinmu zuwa kan titi, titi kuwa na kowa ne. Ba mu fita domin mu nuna yawanmu ba, ko mu rama tare hanyar da wani ya yi mana ran tasa ibada. Sarkin da muke bi a kan jaki ya shiga Urushalima. Saboda haka matasa masu tsaron layi su yi wa direbobi magana da ladabi, a buɗe wa motar asibiti hanya nan da nan, in an zo kusa da masallaci lokacin salla a sassauta ganga da lasifika har a wuce. A sanar da masu unguwa da jami'an tsaro tun da wuri, a kuma kwashe ledojin ruwa da muka zubar kafin a watse.

Kafin ranar, muna roƙon kowane katikis, tare da shugabannin ƙananan ƙungiyoyin unguwa, su bi hanyar da jerin zai bi, gida gida, su rubuta marasa lafiya da tsofaffi da waɗanda ba su iya fita, ba tare da tambayar wace majami'a suke zuwa ko wane addini suke bi ba. 'Yan Katolika a cikinsu za a kai musu Jibi Mai Tsarki a makon. Sauran kuwa, tare da su, za a kai musu rabonsu daga kayan godiyar kaka, a keɓe shi tun kafin a fara gwanjo. A miƙa sunayen ga Fada kafin Lahadin da ke gaban idin.